Wata biyu da kama aiki a Abuja, har yau ko teburi ba ni da shi

Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne ɗan Funtuwa. Bayan na gama hidimar ƙasa na daɗe ina neman aiki, sai Allah ya sa aka ɗauke ni a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya a Abuja, a matakin albashi na 8. Wata biyu ke nan da na kama aiki, amma ko teburi ba a ba ni ba. Kullum sai in sa hannu, in zauna a kujerar baƙi ina danna waya har ƙarfe huɗu. Shugabar sashenmu mataimakiyar darakta ce 'yar Kudu, in na gaishe ta ko ɗago kai ba ta yi. Ba wanda ya koya mini komai. Abokan hirata 'yan Arewa ne uku da muke haɗuwa a masallaci. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya girme mu a aiki, ya ce mini Madam ba ta son 'yan Arewa, in yi hankali da ita, kuma in riƙa kawo masa labarin abin da ke faruwa a ofishinmu. Albashi bai fara shigowa ba, ina zaune wurin wani ɗan'uwa a Mararaba, a gida kuma an zuba mini ido. Ina tunanin in roƙi kawuna, wanda ya san manya, ya sa baki a mayar da ni ofishinmu na Kano ko Katsina. Me ka gani?

Wa'alaikumus salam ɗana. Barka da arziki, Allah ya sa albarka a wannan aiki, ya sa ka gama lafiya. Amsar tambayarka ta ƙarshe zan fara ba ka: kada ka kira kawu tukuna. Zan faɗa maka dalili, amma sai mun gyara abin da ya fi wannan gaggawa, wato zaman kujerar baƙi.

Abin da ya same ka ba kai kaɗai ya sama ba, kuma da wuya a ce don kai ɗan Funtuwa ne. Sau da yawa ana ɗaukar sababbin ma'aikata rukuni guda, a rarraba su sassa, alhali sashen bai nemi kowa ba, bai kuma tanadi kujera ba. Shugabar sashe ta wayi gari ta ga an ƙara mata mutum, ga tulin fayiloli a gabanta, ga darakta yana jiran amsa. A lissafinta, koya wa sabo aiki zai ci mata lokacin da ba ta da shi, kuma ba ta san me ka iya ba. Ban ce daidai ne ba. Abin yana ƙona mini rai in ga an ɗauko saurayi mai digiri da ƙarfinsa an ajiye shi yana kallon bango, don da haka ake kashe wa matasa zuciya, bayan shekara biyar kuma a dawo ana cewa ma'aikatan gwamnati malalata ne. Amma in ka zauna jiran ranar da wani zai jawo kujera ya ce zo in koya maka, za ka daɗe kana jira. A ma'aikata ilimin aiki yana wuri biyu: cikin tsofaffin fayiloli, da kawunan ƙananan ma'aikatan da suka daɗe. Duka biyun za ka same su a ɗaki ɗaya, wato rajistiri, inda ake ajiye fayiloli.

Gobe in ka sa hannu, ka sa wayar a aljihu ka nufi rajistirin sashenku. Ka yi sallama, ka gaida akawun da ke wurin gaisuwar da za ka yi wa yayan mahaifinka. Wataƙila matakin albashinsa bai kai naka ba, amma ya yi shekara ashirin ko fiye yana ganin daraktoci suna zuwa suna wucewa. Shi ya san wane fayil yake teburin wa, wace magana ce ta kwana shekara ba a warware ba, wane ofisa ne in takarda ta shiga wurinsa sai an bi ta. Haka masinja, haka sakatariyar Madam. Kuskuren da masu sabon digiri suka fi yi shi ne raina waɗannan mutane, har ka ga yaro yana aiken sa'an ubansa sayen abinci. Wanda ya yi haka ba za a yi masa faɗa ba, sai dai duk takardar da ya nema a ce ba a gan ta ba.

Ka gaya wa akawun gaskiya: kai sabo ne, kana son ka fahimci yadda aiki yake tafiya, ko akwai fayilolin da ya halatta ka karanta. Rajistiri iri biyu ne, akwai na buɗe, akwai na sirri, kuma na sirrin ba huruminka ba ne sai an ba ka izini. In ya ba ka fayil, ka fara daga shafi na ɗaya, kada ka tsallake zuwa ƙarshe. Za ka ga yadda wasiƙa take shigowa, a buga mata hatimin karɓa, a sa ta a fayil a ba ta lambar shafi, ta hau sama wurin babban sakatare ko darakta. Daga can sai a yi ta rubuto umarni tana gangarowa, daga darakta zuwa mataimakinsa, daga shi zuwa na ƙasa, har ta iso hannun ofisa irinka. Kai ne za ka karanta maganar tun daga tushe, ka rubuta minit, wato ɗan bayanin da ake rubutawa a cikin fayil, wanda ya taƙaita ta, ka kawo dokar da ta shafe ta, ka ba da shawara, ka haɗa da daftarin amsa. Daga nan ta sake hawa. Ashe kenan mai mataki na 8 ba ɗan kallo ba ne, a kan rubutunsa na sama suke ɗora nasu. Za ka ci karo da gajerun haruffa irin su KIV, wato a ajiye maganar a ido, da BU, wato a dawo da fayil ranar kaza, da PA, wato an gama a mayar ma'ajiya. Ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta su.

Abin da na fi so ka lura da shi a fayilolin nan shi ne hannun Madam. Ka duba yadda take rubuta nata minit, tsawonsa, yadda take jera hujja, da irin gyaran da take yi wa na ƙasa da ita. Mai son gajeren rubutu ce ko mai son a kawo kowace lamba? Tana dawo da takarda saboda kuskuren kwanan wata? In ka karanta fayil goma da ta yi aiki a kansu, za ka san ta fiye da yadda hirar masallaci za ta sanar da kai ita. Sai dai ka kiyaye abu ɗaya da zai iya raba ka da aikin tun ba ka fara ba: kada ka ɗauki hoton takardar ofis da waya, kada ka tura wa kowa ta WhatsApp, ko da abokinka ne na kusa. Dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan da ranta, kuma rantsuwar riƙe sirri ba ado ba ce.

Bayan mako guda ko biyu kana wannan karatu, sai ka nemi ganin Madam. Ka bi ta hannun sakatariyarta, ka tambaye ta lokacin da Madam take da sauƙi, don ita ta sani. Ka shiga da littafinka da biro. Kada ka ce a ba ka aiki kawai, domin ka ɗora mata nauyin tunanin abin da za ta ba ka, kuma amsar da za ka samu ita ce za a neme ka. Ka je da abu takamaimai. Ka ce ka karanta fayil kaza, ka ga akwai wasiƙar da ba a amsa ba, ko za ta yarda ka gwada rubuta daftarin amsa ta duba. Ko ka ce in akwai taro kana so ka riƙa ɗaukar bayanin taron. Wannan na biyun ina ba ka shawararsa da babbar murya. Aiki ne da kusan kowa yake gudu, don haka ba mai yi maka kishi a kansa, amma babu abin da yake koya wa sabo aiki da sauri kamarsa. A zama uku za ka san sunan kowa da muƙaminsa, ka san me sashen yake fama da shi, wa ake saurara in ya yi magana, me aka yanke, wa aka ɗora wa. Sharaɗin kawai shi ne ka kawo rubutun washegari, a tsabtace, sunaye da muƙamai daidai. Sa'annan cikin ladabi ka tambaye ta a ƙarƙashin wa za ka yi aiki, kuma ko za a rubuta maka jadawalin ayyukanka. Haƙƙinka ne, kuma da shi za a auna ka in lokacin cike takardar kimanta aiki ya zo.

Kana da wani abu a hannu da wataƙila ba ka ɗauke shi da daraja ba. Tun zamanin da Folasade Yemi-Esan take shugabar ma'aikatan tarayya ake ta ƙoƙarin mayar da fayiloli kan kwamfuta, Didi Walson-Jack da ta gaje ta a 2024 kuma ta ci gaba da matsa wa ma'aikatu a kan haka. Da yawa daga cikin manyan da ke sama da kai sun ƙware a aiki amma kwamfuta tana ba su wahala. In ka iya Excel, ka iya tsara takarda, ka iya haɗa bayanin da za a haska a taro, to kana da abin bayarwa tun yau. Ka taimaka a natse, ba tare da ka sa babba ya ji kunya a gaban mutane ba. Wanda ka gyara wa jadawali da rana, shi zai zaunar da kai da yamma ya nuna maka inda minit ɗinka ya karkace. Ka dai lura kada ka zama mai buga wa kowa takarda har ka rasa lokacin koyon ainihin aikinka.

In daftarinka ya dawo cike da gyara, kada ranka ya ɓaci. Shugaban da ya zauna ya gyara maka layi-layi ya ba ka lokacinsa, wanda ya yanke ƙauna da kai karɓa yake ya ba wani ya sake. Ka ajiye kowane daftari da aka gyara, ka tabbata kuskuren da aka nuna maka yau bai sake fitowa gobe ba. Ƙananan tambayoyi kuma kada ka kai su wurin Madam. Ka nemi wani a mataki na 9 ko na 10 ko na 12, wanda bai manta yadda sabunta take ba, ka tara tambayoyinka ka kai masa lokaci guda. Kuma ina roƙonka, kada tsoron Turanci ya rufe maka baki. Na ga yaranmu da yawa masu kaifin ƙwaƙwalwa suna yin shiru a taro don gudun a yi dariyar lafazinsu. Kowa a ginin nan da lafazin garinsu yake magana, Bayerabe da nasa, Inyamuri da nasa, Batibi da nasa. Abin da ake nema a ji shi ne ko ka san abin da kake faɗa.

Yanzu maganar abokanka na masallaci. Ka riƙe su, baƙo yana bukatar inda zai yi Hausa ya yi dariya ya ji kamar yana gida. Amma wanda ya ce ka riƙa kawo masa labarin ofishinku ba taimakonka yake yi ba. Wataƙila akwai wata tsohuwar rigima tsakaninsa da wani, wadda aka fara tun kana makaranta, yana neman ya sa ka a tsakiya. Ranar da magana ta fito, kuma takan fito, shi an riga an tabbatar da shi a aiki, kai kuwa kana zaman gwaji. Ba sai ka yi faɗa da shi ba. In ya tambaya, ka ce wallahi kai sabo ne, ba ka fahimci komai ba tukuna, ka ja hirar wani wuri. In ya ji haka sau biyu sau uku zai gane. Game da cewa Madam ba ta son 'yan Arewa, ba zan ce maka babu ƙabilanci a ma'aikatu ba, akwai shi, ta kowane ɓangare. Amma hukunci ne mai nauyi a yanke wa mace kan maganar mutum ɗaya da rashin ɗago kai. Ka kai mata aiki mai kyau sau biyar ka ga abin da za ta yi. In bayan haka ka ga a zahiri ana danne ka, to kana da hujjar da ka gani da idonka, kuma akwai hanyar kai ƙorafi a rubuce.

Abin da nake jin tsoro a wasiƙarka shi ne duniyarka ta ƙuntata zuwa mutum uku, a ginin da ke ɗauke da mutanen kowace jiha. Mu da aka rena da cewa zumunta a ƙafa take, bai kamata a fi mu iya shiga mutane ba. Da safe ka leƙa ofisoshin da ke layinku ka yi gaisuwa, minti ɗaya ya isa. Ka riƙe sunaye, ka kira kowa yadda ake kiransa a wurin. In ka ce wa dattijuwar Bayerabiya "e kaaro ma", ko ka ce wa Inyamuri "ututu oma", za ka ga yadda fuska take sakewa, kamar yadda kai ma kake ji in ɗan Kudu ya ce maka ina kwana. In kana cikin waɗanda ba sa musabaha da mata, kada ka bar hannun mace a miƙe ka kau da kai. Ka riga ta, ka ɗora hannunka a ƙirji, ka ɗan rusuna da sakin fuska, ka yi gaisuwar da baki cikakkiya. Yawancinsu sun saba, abin da yake ɓata rai shi ne a ji kamar an wulaƙanta mutum. In za ka fita sallah ka sanar da na kusa da kai, ka dawo a kan lokaci, ran Juma'a ma in an sauko ka koma ofis, don ana lura da wanda yake komawa.

Sa'annan akwai hidimomin mutane. Za a riƙa zagayowa da takardar karo-karo: wane ya rasa mahaifiya, wance za ta aurar da 'ya, wane zai yi ritaya. Yanzu ba ka da albashi, kowa ya sani, ba mai ganin laifinka in ka ba da kaɗan ko ka ce sai an fara biya. Amma ƙafarka ba ta bukatar albashi. Ka shiga ofishin wanda aka yi wa rasuwa ka yi masa ta'aziyya, Musulmi ne ko Kirista. In abokin aiki yana asibiti a cikin gari, ka bi masu zuwa dubiya. Mutum yana manta wanda ya ci shinkafar bikinsa, amma ba ya manta wanda ya zo masa ranar baƙin ciki. In ma'aikatarku tana da motar ma'aikata mai bin hanyar Nyanya da Mararaba, ka nemi shiga. Ka rage kuɗin mota, kuma cunkoson hanyar nan zai ba ka sa'o'i tare da mutanen wasu sassan da ba za ka taɓa haɗuwa da su a ofis ba.

Mutanen da za su fi yi maka amfani nan gaba kuwa su ne waɗanda aka ɗauke ku tare. Ka nemo su, na kowace jiha. Dalilin haɗuwa ma yana nan a shirye: zaman gwaji shekara biyu ne, kuma kafin a tabbatar da kai sai ka ci jarrabawar da ake kira COMPRO, wadda take tambaya a kan Dokokin Aikin Gwamnati da Ƙa'idojin Kuɗi da makamantansu. Ka samo kundin dokokin, bugun da aka sabunta na 2021, ku haɗa ƙungiyar karatu, ko sau ɗaya a mako bayan an tashi. Lokacin zaman kujerar baƙin nan ma da shi ya kamata ka cike shi. Aikin gwamnati doguwar tafiya ce, shekara 35 ko mutum ya cika 60 da haihuwa, kuma daga mataki na 7 zuwa na 14 sai an yi aƙalla shekara uku kafin a nemi ƙarin girma. Jami'an mulki da akantoci ana juya su daga ma'aikata zuwa ma'aikata. Yaron da kuke karatu tare yau, nan da shekara goma yana ma'aikatar kuɗi ko ofishin shugaban ma'aikata, kuma zai ɗaga wayarka don ya san ka tun ba ku da teburi.

Batun albashi, jinkirin shigar da sabon ma'aikaci tsarin biyan albashi na gwamnatin tarayya, wato IPPIS, abu ne da aka saba gani, kuma in an shigar da kai ana biyan ariyas. Naka shi ne ka tabbata babu abin da ya maƙale ta ɓangarenka. Ka je sashen kula da ma'aikata ka duba cewa an buɗe maka fayil, takardar kama aikinka tana ciki da kwanan wata daidai, sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a takardun makaranta da NIN da BVN. Harafi ɗaya da ya bambanta yana iya riƙe mutum watanni. Ka buɗe asusun fansho da ɗaya daga kamfanonin da hukumar kula da fansho, wato PenCom, ta amince da su, domin a dokar 2014 ana cire kashi 8 daga albashinka, gwamnati ta ƙara kashi 10, kuma sai da lambar asusun kuɗin zai san inda zai shiga. Kowace takarda ka yi mata kwafi ka ajiye a gida. Ka riƙa leƙawa sau ɗaya a mako da fara'a, kuma duk wanda ya ce ka kawo wani abu a gaggauta maka, ka ba shi haƙuri. A gida kuma ka kira mahaifanka ka faɗa musu yadda abin yake, cewa an kama aiki amma biya sai nan gaba. Kada kunya ta sa ka ci bashi don ka nuna ka fara samu. Ɗan'uwan da ya sauke ka a Mararaba shi ma ka gaya masa inda aka kwana, ka riƙa kama masa hidimar gida da abin da ka iya.

Mu koma kan kawu. Dokokin Aikin Gwamnati sun hana ma'aikaci neman manyan mutane su sa masa baki a kan canjin wurin aiki ko ƙarin girma, kuma kai da kake zaman gwaji bai kamata takarda ta farko mai nauyi a fayil ɗinka ta zama ta alfarma ba. Ko da abin ya yiwu, sunan yaron wane zai riga ka isa Kano, kuma can ma sabo za ka zama, wataƙila a wata kujerar baƙin. Hedikwata nan ne ake tsara manufa, nan ake rubuta kasafi, nan manyan da za su san aikinka suke. Shekara biyu ko uku a nan za su koya maka abin da zai sa in ka koma ofishin jiha ka koma da ƙarfinka.

In akwai dalili na gaske, kamar rashin lafiyar mahaifi da babu mai kula da shi sai kai, wannan daban ne. Sai ka rubuta da hannunka, takardar ta bi ta wurin Madam zuwa sama, ka haɗa da shaidar asibiti. In kuwa babu, ka ba kanka wata huɗu nan gaba kana yin abin da muka zayyana. Idan sun cika har yanzu ba a ba ka jadawalin aiki ba, ba a kuma karɓi ko ɗaya daga abin da ka miƙa ba, ka je wurin daraktan kula da ma'aikata ka nemi a sauya maka sashe a cikin ma'aikatar. Ka faɗa wa Madam da bakinka kafin takardar ta isa teburinta, kuma a cikin takardar kada ka zargi kowa, ka ce kawai kana neman inda za a fi amfana da kai. Allah ya yi maka jagora, ka gaida mutanen gida.